Darasin Kasuwanci: Mahaɗin Wayar Salula da Rediyon Tsohuwar Mota

Mafi yawan motocin da ke kan hanyoyin Nijeriya na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Turai bayan sun yi shekaru suna aiki. Mota takan kai shekara 20 tana gudu, amma wayar salula da wuya ta wuce shekara 4 a aljihun mai ita. Wannan tazara ce ta buɗe kasuwar ƙananan mahaɗai, wato adafta, da ake saye don a ji karatu ko waƙa ko labarai daga waya ta lasifikar mota. Haja ce mai saurin fita a Alaba da Kwamfuta Bileji a Legas da Fam Santa a Kano, sai dai kuma tana yawan dawowa hannun mai shago. Darasinmu shi ne: shigar baki cikin kafa ba ta nufin na'ura za ta yi aiki.

Inda matsalar take

Tsohuwar rediyon mota tana karɓar sauti ne tsantsa, irin wanda ke bin waya ya faɗa iyafis. Ita kuwa wayar zamani tana ajiye sauti ne da lambobi, dole sai an juya lambobin sun koma sauti. Mai wannan aiki wani ɗan guntun tafinta ne da ake kira DAC. A da yana cikin kowace waya, yana miƙa sauti ta zagayayyar kafa mai faɗin milimita 3.5. A 2016 kamfanin Apple ya cire wannan kafa daga iPhone 7, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu a manyan wayoyinsu.

Saboda haka mahaɗin USB-C iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Na farko waya ce zalla, ba tafinta a ciki, yana aiki ne kawai da wayoyin da ke iya fitar da sauti tsantsa ta wannan kafa. Na biyu yana ɗauke da DAC, shi ne wayoyi irin su Google Pixel da manyan Samsung ke bukata. Na farkon ya fi araha, shi ya sa sabon ɗan kasuwa kan cika kwali da shi, alhali na biyun ne ke tafiya da kusan kowace waya.

Ƙofofin mota guda biyar

Ta ɗaya, kafar AUX. Ita ce mafi sauƙi, kuma sautinta ya fi tsabta. Abin bukata kebul mai baki biyu, da mahaɗi mai DAC idan wayar ba ta da zagayayyar kafa.

Ta biyu, gidan kaset. Akwai kaset na jabu mai jela da ake cusawa, ya miƙa sauti ga kan da ke karanta zare. Idan rediyon na tofo shi ko yana ta juya shi, galibi robar cikin rediyon ce ta saki, ko haƙoran kaset ɗin ba sa juyawa daidai.

Ta uku, kafar USB. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. A motoci da dama na wajen 2008 zuwa 2012 an yi ta ne don filashi da iPod. Wayoyin Android kuwa, tun daga wajen 2011, sun koma wata hanyar aika fayil da tsohuwar rediyo ba ta ganewa, don haka babu kebul ɗin da zai gyara lamarin. Bugu da ƙari, wutar irin wannan kafa ba ta cika wuce wat 2.5 ba, cajin wayar yau kuwa da ita tafiyar hawainiya ce.

Ta huɗu, Bluetooth. Wasu motoci na ƙarshen shekarun 2000 suna da shi don amsa kira kaɗai, ba su da sashen da ke ɗaukar waƙa, wanda ake kira A2DP. Wayar za ta haɗu, kira zai shiga, amma karatu ba zai fito ba. Magani shi ne ɗan makarɓin Bluetooth da ake soka wa kafar AUX.

Ta biyar, zangon FM. Motar da ba ta da ɗaya daga cikin huɗun nan sai a sa mata na'urar da ake cusawa a kafar kunna taba, wadda ke aiki kamar ƙaramin gidan rediyo. Zangon ya kama daga mita 87.5 zuwa 108. Rediyon motar Amurka kan tsallake lambobi, yana tsayawa ne a kan irin su 88.1 da 88.3, don haka a nan za a saita na'urar. Tsohuwar rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan kuwa daga 76 zuwa 90 take tsayawa. A Legas, inda tashoshi suka yi cunkoso, samun gurbin da babu kowa yana da wuya.

Tsohon bakin Apple

Akwai motocin da suka zo da faffaɗan baki mai haƙora 30, wanda Apple ya fito da shi a 2003. An maye gurbinsa da Lightning a 2012, sannan iPhone 15 ta koma USB-C a 2023. Faffaɗan bakin yana ɗaukar sauti tsantsa, Lightning kuwa lambobi kaɗai, don haka mahaɗi mai araha tsakaninsu caji kawai yake yi. Jera mahaɗi biyu ko uku a kan juna ƙara wuraren lalacewa ne kurum. Tunda Tarayyar Turai ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyi daga Disamban 2024, mai hankali ba zai binne jarinsa da yawa a kayan Lightning ba, ko da yake tsofaffin iPhone za su daɗe a hannun jama'a.

Laifin da ba na haja ba

Idan ana caji kuma ana sauraro ta AUX, wani lokaci akan ji ƙugi mai tashi da sauka tare da totur. Wutar mota ce ke kutsawa cikin sauti. A cire caja, in ƙugin ya ɗauke to mahaɗin lafiyarsa lau, ɗan matacin da ake sawa a tsakiyar kebul ake bukata. Haka kuma manyan motocin dakon kaya galibi bolt 24 suke amfani da shi, ƙananan motoci 12. Na'urar da aka yi don 12 kaɗai tana iya ƙonewa a tirela.

Lissafin mai shago

A ɗauka ribar kowane mahaɗi kashi ɗaya cikin biyar ne na kuɗin sarinsa. Guda ɗaya da aka dawo da shi a lalace ya cinye ribar guda biyar ke nan, ban da amanar da ta tafi. Rigakafin kuwa tambayoyi uku ne kafin a karɓi kuɗi: wace mota ce kuma ta wace shekara, wace kafa ce a rediyonta, wace waya ce a hannun mai saye? A ajiye tsohuwar rediyo da batir a shago don gwaji, kuma a nemi dila ya ba da samfuri a jarraba shi da wayoyi iri uku kafin a sari kwali. Wanda ya san amsar tambayoyin nan ilimi yake sayarwa tare da haja, kuma shi mai mota zai aiko wa ɗan'uwansa gobe.