Kada a zubar da tsofaffin faya-fayan fulofi

Ina roƙon duk mai aiki a sakatariya, ko makaranta, ko asibiti, daga Isa har Sabon Birni, ya leƙa tsofaffin kabad ɗin ofishinsu. Idan ya ga wasu ƙananan faya-fayan roba masu kusurwa huɗu, da ɗan ƙyauren ƙarfe a gefe guda, kada ya bari a haɗa su da shara. Fulofi ke nan.

Sana'ata buga takardu da gyaran kwamfuta. Kafin filashi ya shigo, a kan fulofi muke kwafe aiki, mutum ya sa a aljihu ya hau mota zuwa Sakkwato. Cikinsa megabait 1.44 ne kacal, hoto ɗaya na wayar yau ma sau da yawa ba zai shiga ba. Amma rubutu ba shi da nauyi. Fulofi ɗaya na iya ɗauke da sunayen ma'aikata da ranar da aka ɗauke su aiki, ko sakamakon jarrabawar makaranta guda. Irin waɗannan ne dattijo ke zuwa nema idan maganar fansho ta taso, a ce masa gara ta cinye fayil ɗin.

Faifan kuwa mutuwa yake a hankali. Abin da ke riƙe bayanin wata leda ce siririya mai maganaɗisu. Zafin bazara na lanƙwasa ta, ƙurar hunturu na karce ta, laimar damina na sa mata fumfuna. Ajiye shi kan rediyo ko kusa da lasifika ma na iya ɓata shi. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011. Ba mu kaɗai muka makara ba: gwamnatin Japan sai a 2024 ta soke dokokin da suka wajabta amfani da shi.

Ga yadda nake yi idan an kawo mini. Nakan fara ture ƙyauren ƙarfen in duba ledar. In na ga fari-fari a kanta, ba na sa shi a na'ura, don zai shafa wa kan na'urar datti, ita kuma ta karce wanda zai biyo baya. In lafiya lau yake, sai in juya bayansa. A kusurwa akwai wani ɗan makulli. A tura shi har ramin ya buɗe, daga nan kwamfuta karatu kawai za ta yi, ba ta iya rubuta komai a kai. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Sannan a sa shi a na'urar fulofi mai igiyar USB, a kwafe komai gaba ɗaya. Kada a tsaya buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, domin tsohon faifai wani lokaci sau ɗaya yake yarda a karanta shi. In kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, a ƙi. Wanda ya amsa mata, sharewa za ta yi. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin faifan, a kuma bincika bairos, don ta fulofi ya fi yawo a wancan zamani.

Wasu takardun da manhajar WordPerfect ko Lotus 1-2-3 aka buga su. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, takan buɗe yawancinsu. Sai a mayar da su PDF.

Saura wurin ajiya. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da namu biyu, Isa da Sabon Birni. Wanda ya dogara da imel ko WhatsApp kaɗai ya sha wuya, muka koma kai fayil hannu da hannu. Shi ya sa nake ba da shawarar kwafi uku: ɗaya a filashi a ofis, ɗaya a intanet, muhimman kuma a buga su a takarda a ba wani amintacce ajiya a wani gari.