Amsoshin Tambayoyinku: Tumaki Nawa Ƙaramar Gona Za Ta Iya Riƙewa?

Tambaya: Ni magidanci ne a Hamdara, ina da 'yar gonar gado inda nake noma hatsi da wake da gyaɗa kaɗan. Kowace shekara sayen ragon Layya yana ba ni wuya, naman mahauta kuma sai jefi-jefi yake shiga tukunyarmu. Ina so in fara kiwon tumaki, ba don kasuwa ba, don iyalina su ci. Da guda nawa zan fara, wane iri, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin ka taka kasuwa, ka fara leƙa rumfar da kake ajiye harawa, domin ita ce za ta faɗa maka adadin tumakin da za ka iya riƙewa, ba kuɗin da ke aljihunka ba.

Ga dalili. A ƙasar Damagaram damina gajera ce, wata uku ne ko huɗu. Daga Oktoba har ruwa ya sake zama a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, dabba busasshen abinci take ci. Tunkiya mai nauyin kilo 40 tana buƙatar busasshen abinci da ya ɗan haura kilo 1 a kullum. In ka haɗa na wata takwas, za ka ga kowace ɗaya tana neman kusan kilo 300. Da kaka ba a jin nauyin wannan lissafi, don bayan an saki gonaki dabba tana kala da kanta. Sai bazara ta kama, Afrilu zuwa Yuni, daji ya zama fili, damin harawa ya yi tsada, sannan mai tumaki goma yake fara sayar da biyu a wulaƙance don ya ciyar da takwas. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka fara da tumaki mata biyu, in ka ga ƙarfinka ya kai, uku. Rago kuwa ba sai ka saya ba tukuna. Aron na maƙwabci ya wadatar, kuma gara a riƙa sauya shi kada ya hau 'ya'yansa, irin ya lalace.

Ya kamata kuma ka san abin da za ka samu, kada ka sa rai da yawa. Tunkiya tana ɗaukar ciki wata biyar. In tana ƙoshi za ta iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, amma a kiwon gida irin namu ka ɗauka ɗa ɗaya ne a shekara, tagwaye kuwa kyauta ce daga Allah. Wato tumaki uku za su ba ka 'ya'ya wajen uku, wasu maza wasu mata. Ragon da ya kai kilo 40 a tsaye, naman da ƙashinsa bai cika wuce rabin haka ba, ban da kai da ƙafa da kayan ciki. To wannan ba zai sa nama a miyarku kullum ba. Abin da zai yi maka shi ne ya ɗauke maka ragon Layya, ya tsaya maka ranar suna in an yi haihuwa, wata shekarar kuma a samu na ukun da za a yanka a soye. Ga magidanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka lura dai da lokaci: a mazhabar Malikiyya ragon Layya sai ya cika shekara, saboda haka wanda aka haifa wata shida kafin Sallah na baɗi ne.

Batun iri ba zan tsawaita ba. Balami fari ne, dogo, mai nauyi, shi ne abin kallo a kasuwar Sallah, amma cinsa ya yi daidai da girmansa. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, na makiyaya ne, ya saba da tafiya. Ara-ara ya fi su juriyar yunwa. Ni a ganina tunkiyar da aka haifa a yankinku, wadda ka san gidan da ta fito, ta fi kowace mai suna. In sai ka je kasuwar Mirya ranar Lahadi ko ta Dole a Zinder ranar Alhamis, ka tafi da wanda ya san dabba, kuma kada ka saya dab da Sallah. Ka buɗe bakinta: mai manyan haƙora biyu ko huɗu a gaba tana kan ganiyarta, wadda haƙoranta suka zaizaye ta tsufa. Ka shafa hantsarta ka ji babu ƙulli. Ka ja fatar idonta ƙasa. In cikin ya yi fari fat, jini ya yi mata kaɗan, galibi tsutsar ciki ce. Hanci mai majina da wutsiya mai zawo, ka wuce. Idan ka kawo ta gida, ka ɗaure ta ita kaɗai mako biyu ko uku kafin ta haɗu da na unguwa. Wanda ba shi da kuɗin saye ma yana da hanya: habbanaye, al'adar Fulani da ta bazu cikin Nijar, inda ake ba ka aron tunkiya ta haifa maka sannan ka mayar da uwar.

Abincin kuwa yawancinsa yana cikin gonarka. Harawar wake da ta gyaɗa a tattara su tun ganyen bai kaɗe ba, a ɗora kan rumfa a rufe, don rana da gara suna cinye amfaninsu. Karan dawa da na hatsi a sassara su ƙanana, ba a zube su dogaye a tattake ba. Kowar wake da dusar surfe kada a zubar. Sannan ga gawo, wanda Allah ya wadata ƙasar Mirya da Magarya da Matamaye da shi. Ganyensa da 'ya'yansa da rani suke zuwa, daidai lokacin da komai ya bushe, kuma 'ya'yan gawo abinci ne mai gina jiki ƙwarai. Duk ɗan gawon da ya tsiro a gonarka, ka sassabe masa ka bar shi. A ba su 'yar kanwa a ruwa ko gishirin Balma su lasa, ruwan sha kuma mai tsabta safe da yamma, kowace ta samu lita huɗu zuwa biyar a lokacin zafi. Harawa mai kyau ka tanade ta don tunkiya mai tsohon ciki da mai shayarwa, su suka fi bukata.

Abubuwa uku ke kashe tumakin gida ba tare da mai su ya ankara ba. Leda ce ta farko: dabbar da aka saki tana yawon juji tana haɗiye ta, ta cunkushe tumbi, ta rame alhali tana ci. Sai kumburin ciki, in ta samu hatsi ko dusa da yawa lokaci ɗaya, ko ta afka wa gyauron dawa, wanda ɗanyensa guba ne. Na uku annobar nan ta tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma ma'aikatan kiwo suna zagayawa kowace shekara suna yin allurar kyauta. Kada ta wuce ka. Maganin tsutsa a ba su farkon damina da ƙarshenta. Da damina a turke su wuri mai tudu, a riƙa kwashe kashinsu ana kai wa gona, a kuma huta da rigimar ɓarna.

Wata magana da ba ka tambaya ba: mai yiwuwa uwargida da yara ne za su yi ban ruwa da zuba dusa. Ku daidaita tun yanzu wace tunkiya ce ta wa, ko ka ware mata 'ya mace ɗaya daga haihuwar farko. Kiwon da mai yin sa ke da rabo a ciki ya fi samun kula.

Idan yanka ya zo, ka tabbata dabbar ba ta sha magani ko an yi mata allura kwanan nan ba. Ka tambayi likitan dabbobi kwanakin da za a jira, don maganin yana zama cikin nama. Rashin firji kuma ba zai hana ku komai ba. Bayan gashin da ake yi a jikin itace ranar Sallah, a yanyanka naman a soya shi cikin kitsensa har ruwan ya ƙone sarai, a zuba a tukunya mai murfi, kitsen ya rufe shi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Wani kason a yi dambu da shi, wani a shanya.