Hanyar Katako a Cikin Taɓo

Karatu: Irmiya 38:1-13; Zabura 40:1-3; Galatiyawa 6:1-2

Mu mutanen ƙasar Daura mun saba da rairayi, amma mun san taɓo kuma. Wanda ya taɓa fita da ƙafa a watan Agusta, ya ratsa fadama zuwa madatsar ruwa ta Sabke a wajen Mai'adua, ya san abin da muke faɗi. Ciyawa kore shar, sai ka ce an shimfiɗa tabarma, ƙarƙashinta kuwa laka ce mai riƙe ƙafa. Baƙo yakan so ya yanke hanya. Ɗan gari yakan bi sawun waɗanda suka riga shi wucewa.

A ƙasar Ailan akwai wani dutse mai suna Cuilcagh, tsayinsa mita 665. Jikinsa lulluɓe yake da taɓo na ruɓaɓɓun tsire-tsire, wanda kaurinsa ke ƙaruwa wajen milimita 1 a shekara, wato mita 1 cikin shekara 1,000. Jama'a suna zuwa su hau dutsen, su kuma ziyarci kogwannin Marble Arch da ke kusa. Da masu tafiya suka yawaita, ƙafafunsu suka fara ɓata wurin. Saboda haka a shekarar 2015 aka buɗe hanyar katako bisa taɓon, da matakala zuwa sama. Bari mu koyi abu uku daga wannan.

1. Hanyar tana tsare mai tafiya. Ba faɗi gare ta ba, amma wanda ya tsaya a kanta ba ya nutsewa. Ubangijinmu Yesu ya koya mana cikin Matiyu 7 cewa hanyar rai matsattsiya ce. Zunubi kuwa kamar ciyawar fadama yake, da kyaun gani daga nesa. Bashin da ba mu da niyyar biya, da giya, da ƙarya a ciniki, duk da taki ɗaya suke farawa.

2. Hanyar tana tsare ƙasa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa aka shimfiɗa ta, gama abin da ya yi shekaru dubbai yana taruwa, ƙafa tana iya ɓata shi cikin shekaru kaɗan. Haka sunan ekklesiya yake a tsakanin maƙwabtanmu. Iyayenmu sun same shi da haƙuri da gaskiya. Idan dattijo ɗaya ya kauce, ba shi kaɗai ya faɗi ba: ya buɗe sawu, yara za su bi.

3. Wanda ya faɗa taɓo ba ya fid da kansa. Iyakar motsinsa, iyakar nutsewarsa. Da aka jefa annabi Irmiya cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ba don laifinsa ba, Ebed-melek mutumin Kush ya roƙi sarki Zadakiya izini, ya tafi da igiya. Mu lura, ya haɗa da tsummoki domin Irmiya ya sa a hammatarsa, kada igiya ta yanke shi. Mu fa? Sau da yawa mukan zo wa ɗan'uwa da igiyar horo, mu manta da tsumman tausayi. Wani ma mukan tsaya a bakin fadama muna ba da labarinsa, ba mu miƙa hannu ba. Mu tuna mu ma daga laka Kristi ya tsamo mu, ya tsai da mu bisa dutse.

Tambayoyi domin bincike:

1. Wane taɓo ne ya fi kama matasanmu sa'ad da suka tafi cin rani?
2. Su wane ne ke bin sawunmu a gida da kasuwa?
3. Akwai ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada? Wa zai je wurinsa cikin makon nan, da igiya duk da tsumma?