Musayar Malaman Kimiyya: Rance Ne Ko Asara?

Ɗan kasuwar da ke sauke shanu a Garikin Ugwuoba ta Jihar Inugu, ko mai dakon albasa zuwa Anacha da Fatakwal, yana iya ganin tafiyar malamin jami'a ƙasar waje ba ta shafe shi ba. Alhali kuwa 'ya'yansa da dama a jami'o'in wannan yanki suke karatu, kuma cutar dabbobi da ruɓewar kayan gwari a hanya matsaloli ne da sai masana kimiyya ke magance su. Saboda haka ya dace a fahimci yadda tallafin musayar malamai yake, da wanda ke cin ribarsa.

Tallafin musaya kuɗi ne da wata gwamnati ko gidauniya ke bayarwa domin malami ya je wata jami'a ya koyar na ƙayyadadden lokaci, sa'an nan ya koma bakin aikinsa. Yawanci ana biyan kuɗin jirgi da na masauki da alawus na wata-wata. Sharaɗin komawa gida shi ne jigon al'amarin, shi ne kuma ya raba musaya da hijirar ƙwararru.

Gabashin Nijeriya ya daɗe da sanin wannan tsari. An buɗe Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a watan Oktoba na 1960, bisa jagorancin Dokta Nnamdi Azikiwe, da kuɗin da Hukumar Sayen Amfanin Gona ta Jihar Gabas ta tara, akasari daga cinikin manja da kwarar kwakwa. Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta aiko da malamai da mashawarta, gwamnatin Amurka na ɗaukar nauyinsu, har zuwa 1967 da yaƙin basasa ya katse aikin. Ke nan dukiyar manoma da 'yan kasuwa ce ta kafa jami'ar, musaya kuma ta cike giɓin malamai kafin 'yan ƙasa su ƙware. Haka aka yi a Zariya tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kansas a fannin noma da likitancin dabbobi.

Daga cikin shirye-shiryen da suka yi fice akwai Fulbright na Amurka, wanda aka kafa a 1946 da kuɗin gwanjon rarar kayan yaƙi. Wani reshensa yana ɗaukar malamai daga ƙetare su koyar a kwalejojin Amurka na zango ɗaya ko shekara guda, kuma bizar da ake ba su ta tanadi su koma ƙasarsu su yi shekara 2. A birnin Trieste na Italiya, cibiyar nazarin fiziya da Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964 tana karɓar masana daga ƙasashe masu tasowa na 'yan makonni ko watanni, ba tare da sun ajiye aikinsu na gida ba. Gidauniyar Carnegie kuwa a 2013 ta ɓullo da akasin haka: tana kawo malamai haifaffun Afirka da ke Amurka da Kanada jami'o'in ƙasashe irin su Nijeriya na kwana 14 zuwa 90.

Ita ma Nijeriya tana ba da nata rancen. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida da Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi, aka kafa shirin taimakon ƙwararru da aka fi sani da TAC. Yana tura 'yan Nijeriya aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Jami'ar Musulunci ta Uganda tana cikin waɗanda suka sami malamai ta wannan hanya.

Matsalar tana ɓullowa ne daga darajar Naira. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, albashin malami ya zube idan aka auna shi da Dala, malamai suka yi ta ficewa, har gwamnati ta naɗa kwamiti kan lamarin a 1988. Muddin alawus na wata guda a ƙetare ya zarce albashin watanni da yawa a gida, to, rance na iya rikiɗewa ya zama asara. Ƙasa ta yi ɗawainiyar horar da mutum, wata ƙasa ta kwashe amfaninsa.

A nan ne aljihun 'yan kasuwa ya shigo. Doka ta 7 ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023, sa'an nan dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Da irin wannan kuɗi Asusun TETFund ya riƙa tura malamai ƙaro karatu waje. A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da sabbin guraben ƙetare daga Janairun 2025, ya kafa hujja da tsadar horon da kuma yawan waɗanda ba su dawo ba.

Don haka duk attajiri ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za ta tallafa wa irin wannan tafiya, akwai abubuwa uku da ya kamata ta bincika. Na farko, a ga rubutacciyar yarjejeniyar komawa, da wanda zai biya diyya idan aka saɓa. Na biyu, a san wanda zai riƙe azuzuwan malamin yayin da ba ya nan, domin kada ɗalibai su yi asarar zango. Na uku, a tabbatar akwai ɗakin gwaji da wutar lantarki da kayan aikin da zai tarar in ya dawo. Malamin da ya komo bai sami abin aiki ba, ba zai daɗe ba zai sake neman biza.