Darasi: Kula Da Mota Mai Ja Da Taya Huɗu

Wanda ya taɓa zuwa Agadas ya ga irin waɗannan motoci. Dogaye ne, tayoyinsu manya, an ɗaure jarkoki a gefe, ga shebur a maƙale a baya. A Nijar ana ce musu kat-kat, a Najeriya kuma a ce jif. Su ne ke bin hanyar Dirku da Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500 cikin hamadar Tenere, inda babu kwalta, babu gareji, babu mai faci. Su ne kuma ke kai magani da masu allurar rigakafi ƙauyukanmu da damina, lokacin da hanya ta koma taɓo.

Ƙaramar mota da taya biyu take ja, sauran biyun bi kawai suke yi. Wannan kuwa, idan aka buƙata, duka huɗun suna ja. In biyu sun zame, biyu su riƙe.

Tsofaffi sun fi sanin Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Yau Toyota ce ta cika hanya: akwai Hilux, wadda ta fito a 1968, akwai kuma Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara a 1984, har gobe kuma ana ƙera ta. Da yawa daga cikin Land Cruiser na ƙasashenmu suna da inji mai suna 1HZ, mai shan gas, mai silinda 6. Direbobin sahara suna son wannan inji domin ba ya dogara da kwamfuta. Bakanike mai sufana da haƙuri yana iya kwance shi ya ɗaure.

Rubutun da ke jikin mota

Wata damina na shiga irin wannan mota zuwa wani ƙauye. Muka iso wani kwari, mota ta kafe. Direban yaro ne, sabon shiga. Ya sa ƙaramar giya, ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna haƙa rami, na gaba ko motsi. Muka sauka muka yi ta turi da haƙa har rana ta karkata. Can sai ga wani tsohon direba ya tsaya.

Yaron ya ce, "Baba, na sa mata giyar taya huɗu, amma ta ƙi."

Tsohon bai buɗe inji ba. Ya tsuguna gaban tayar gaba, ya goge laka da hannu, ya ce, "Zo nan, ɗana. Me aka rubuta a nan?"

Yaron ya yi shiru, domin bai iya karatu ba. A tsakiyar tayar akwai wani ɗan maɓalli mai juyawa. Gefe ɗaya an rubuta FREE, ɗaya gefen an rubuta LOCK. FREE na nufin tayar a sake take, inji ba ya jan ta. LOCK na nufin an kulle ta da inji. Tsohon ya murɗa na dama, ya zaga ya murɗa na hagu, mota ta fita kamar ba ita ba. Haruffa huɗu suka ci mana wuni guda.

To, ka koyi waɗannan kalmomi biyu. Ba kowace mota ke da wannan maɓalli ba, wasu da kansu suke kullewa, saboda haka ka duba taka.

Kusa da babbar giya kuma akwai ƙarama. A kanta za ka ga 2H, da 4H, da 4L, a wasu motocin harafin ke gaba, lambar na biye. Lambar ita ce yawan tayoyin da ke ja. 2H na kwalta ne. 4H na yashi ne da burji mai santsi. 4L kuwa na wurin wahala ne: hawan dutse, laka mai zurfi, ko jan wata motar. A 4L mota ba ta sauri, amma ƙarfinta ya ninka. Kafin ka shiga 4L, tsayar da mota cik, ka taka kuloci.

Kada ka bar irin wannan mota a 4H bisa kwalta. Ga dalili. In mota na shan kwana, tayoyin gaba suna yin tafiya mai tsawo fiye da na baya. A yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya fita. Kwalta ba ta barin taya ta zame, sai ƙarafan ƙarƙashin mota su murɗe, su yi ta cin juna, taya kuma ta ƙare da wuri.

Taya da iskarta

Ka taɓa lura da ƙafar raƙumi? In ya taka yashi sai ta baje, shi ya sa ba ya nutsewa. Haka ake yi wa taya. Idan aka rage iska, tafinta yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu. Tayar da ke tafiya da awo 35 ko 40 a kwalta, a yashi mai laushi akan sauke ta zuwa 18 ko 20. A ma'aunin da aka saba da shi a Nijar, daga kamar 2.5 ke nan zuwa kamar 1.3. Mota mai kaya da yawa ba a sauke mata iska sosai haka.

Amma akwai sharaɗi. Taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, ba ta son a murɗa sitiyari da ƙarfi, tana iya zamewa daga ƙarfenta. Da ka fita daga yashi ka hau tsakuwa ko kwalta, mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Saboda haka famfon iska da ɗan ma'auni sun fi duk wani ado da za ka saya wa mota. Kada ka auna iska da bugun ƙafa. Ƙafa ba ta san 20 da 30 ba.

A gefen taya ma akwai karatu. In ka ga 7.50 R16, lamba 16 ita ce faɗin ƙarfen tayar da inci. Nemi kuma wasu lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye, kamar 2321. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ranarmu kuma tana gaggauta tsufanta. Tayar da ta wuce shekara 5 a riƙa duba ta da kyau, wadda ta kai 10 kuwa a rabu da ita ko da zanenta na nan. Mai sayar da taya ta hannu ba zai karanta maka wannan lamba ba, kai za ka karanta wa kanka.

Ƙura da ruwa

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Idan ƙura ta shiga cikinsa, tana goge shi a hankali kamar yadda yashi ke goge tukunya. Matatar iska ce ke tare ta. Da hunturu, ko bayan doguwar tafiya a bayan wata mota, ciro matatar ka kakkaɓe a hankali. In za ka hura mata iska, hura daga ciki zuwa waje. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. Wadda ta huje ko kaɗan ta gama aiki.

Gas ɗin jarka sau da yawa yana zuwa da datti da ruwa. Tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. A ƙarƙashin matatar gas akwai ɗan maɓallin da ake kwancewa ruwan da ya taru ya zuba. Ka san inda yake.

Lagireto kuma ba ya son ruwan rijiya, balle na ƙasa mai gishiri ko kanwa irin ta yankin Bilma. Irin wannan ruwa yana barin ƙanzo a cikin bututai har su toshe. Sa masa ruwan lagireto na kanti. In tilas ta sa ka zuba na rijiya a daji, ka zubar da shi ka wanke idan ka iso gari. Kada ka taɓa buɗe murfinsa inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya same ka a fuska.

Ƙarin da masu mota ke yi

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma ake yin kuskure. Kusan kowane mai irin wannan mota yana ƙara mata wani abu. Wasu ƙarin na hankali ne. Bututun nan da ake hawarwa ta gefen gilashi har saman mota yana sa inji ya shaƙi iskar sama, wadda ba ta kai ta ƙasa ƙura ba. Faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji yana tare dutse. Safaya ta biyu da ƙarin tanki suna da amfani ga mai tafiya mai nisa, domin a yashi mai laushi mota tana shan mai fiye da kima. Wasu Land Cruiser ma da tanki biyu suke zuwa daga kamfani, kowanne lita 90.

Sai dai bututun sama bai mai da mota kwalekwale ba. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa yana iya tafiya da ita. In kwari ya kawo, a jira ya sauka. Bayan an ratsa ruwa kuma a duba man aksul: idan ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, sai a zubar a sa sabo, a kuma buga giris a gaɓoɓin farfela.

Ƙarin da ya fi damuna shi ne na sifirin. Mai mota ya ga bayanta na zaunewa saboda kaya, sai ya je a ƙara mata ganye biyu ko uku. Mota ta miƙe, sai ya ɗauka ta ƙara ƙarfi, ya ƙara lodi. Alhali birkinta na nan yadda yake, aksul na nan yadda yake, ƙashin bayanta ma haka. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki tan ɗaya da 'yan kai, wato kilo 1,000 da ɗoriya, har da mutanen ciki.

Mu yi lissafi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka 5 ta lita 20 sun zama kilo 100. Gas ya ɗan fi ruwa sauƙi: jarka 10 sun kai kilo 170. Mutum 6, in kowanne kilo 70 ne, kilo 420. Jimla 690 ke nan, ba a ɗora buhu ko ɗaya ba, ba a sa safaya da kayan aiki ba.

Inda aka ɗora kayan ma abin lura ne. Mai nauyi ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Mai sauƙi, kamar tabarma da bargo, shi ke hawa sama. Motar da aka ɗaga tsayinta, aka kuma jibga mata jarkoki a ka, ba ta da wuyar kifewa a gefen tudun yashi. Taya mai girma fiye da ƙa'ida ita ma tana rage ƙarfin birki, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da ake yi. In kuma za ka ƙara fitila, ka tabbata an sa mata fius, domin waya marar fius ita ke tayar da gobara.

Idan ta kafe

Da ka ji mota ta daina gaba, ɗaga ƙafarka. Ƙarin wuta ƙarin rami ne. Sauka ka duba LOCK, ka rage iska, ka kwashe yashin gaban tayoyi huɗun da shebur, ka shimfiɗa faranti ko itace, fasinja su sauka. Jak yana buƙatar katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, in ba haka ba shi zai nutse. In wata mota za ta ja ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke haɗe da ƙashin mota, kowa kuma ya matsa nesa, domin igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum.

Littafin mota

Sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota. A hanyar ƙura ana sake baƙin mai da matatarsa duk bayan kilomita 5,000. Injin 1HZ yana da wani bel mai haƙora a ɓoye, wanda ake sakewa bayan kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon shekarar motar. In ya tsinke ana tafiya, inji ya lalace. Ba wanda zai riƙe waɗannan lambobi da ka. Rubuta kamar haka:

12 ga Maris. Agogo: 215,000. An sake baƙin mai da matata. Na gaba: 220,000.

Kafin darasi mai zuwa, nemi izinin wani mai mota a unguwarku. Kwafi lambar da ke agogon tafiyarta a littafinka, ka ƙara mata 5,000. Sannan tsuguna gefen taya ɗaya, ka nemo lambobi huɗun nan, ka rubuta mako da shekarar da aka yi ta.