Itacen Kirsimati Mai Rai

Karatu: Farawa 21:33, Luka 13:6-9

Al'adar ƙawata itace a lokacin Kirsimati daga Jamus ta fito, ta bazu a Ingila wajen shekarar 1848. Can sukan sare itacen, bayan idi su yar. Mu da muke bakin dajin Kamuku bai kamata mu yi haka ba. An keɓe dajin nan tun 1936, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, amma gatari da masu gawayi suna ta cin doka da kaɗanya kewaye da shi. Ibrahim kuwa dasa itace ya yi a Biyersheba, ya yi sujada a wurin. In ekklesiya tana son itacen idi, bari ta nemi mai rai a tukunya, mangwaro ko lemo, gama ganyensu ba ya kakkaɓewa da rani.

Bara waccan mun yi kuskure. Muka dasa namu cikin Janairu, hunturu yana busawa, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Kafin Maris ya bushe, abin da ya rage awaki suka cinye. Yara suka tambaye ni dalili, na ji kunya. Ga abin da muka koya.

1. Kada itacen ya wuce mako ɗaya a cikin majami'a, gama yana bukatar haske. Kada a rataya masa kaya masu nauyi, kada a kunna kyandir kusa da shi.

2. Bayan idi a ajiye shi a inuwa inda rana take taɓa shi da safe. Tukunyar ta kasance da huda a gindi, domin ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa. A sa yatsa cikin ƙasar kowace yamma. In ta bushe a ba shi ruwa. A barbaɗa toka kewaye saboda gara. A danƙa aikin a hannun mutum ɗaya, domin aikin kowa ba na kowa ba ne.

3. A yi haƙuri sai damina ta zauna, wajen Yuni. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, taku 10 daga bango. A gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe. A fasa tukunyar a hankali, kada ƙasar ta rabu da saiwa. Kada a binne shi fiye da yadda yake a tukunya. A danna ƙasa, a zuba ruwa, a kewaye shi da ƙaya.

Wata shida na ɗaukar ruwa, nan ne wuyar take. Haka yake da sababbin masu bi: ranar baftisma kowa yana murna, amma wa zai lura da su a kwanakin rani? Mai aikin gonar nan cikin misalin Yesu ya roƙi shekara ɗaya domin ya yi wa ɓaure kaftu, ya zuba taki. Bari mu zama kamarsa.

Tambayoyi:
Don me ba a dasa itace da hunturu?
Wa zai shayar da naku har Yuni?
Wane sabon mai bi ne ekklesiyarku ta manta da shi?