"Wit": Wasan Kwaikwayo Kan Mai Ciwon Daji Da Masu Jiyyarta

Cikin shekarar 1991 wata Ba'amurkiya mai suna Margaret Edson ta rubuta wasan kwaikwayo da ta raɗa wa suna Wit, watau kaifin basira. Ita ba likita ba ce, amma ta taɓa yin aikin akawu a sashen masu ciwon daji da masu ƙanjamau na wani asibitin bincike, inda ta ga yadda ake magana a kan majiyyaci yana kwance kamar ba ya nan. Gidajen wasa da yawa suka ƙi karɓar rubutun. Sai a 1995 aka fara nuna shi a gidan wasa na South Coast Repertory cikin jihar Kalifoniya, sa'an nan ya isa Niyu Yok a 1998.

Labarin na Vivian Bearing ne, farfesa 'yar shekara 50, gwana a kan waƙoƙin John Donne, mawaƙin Ingila na ƙarni na 17. Mace ce mai tsanani ga ɗalibanta, ba miji, ba ɗa. Aka same ta da ciwon daji na ƙwan haihuwa, ya riga ya kai mataki na 4, watau na ƙarshe. Wannan ciwo kuwa ya saba ɓuya haka, domin alamunsa na farko, kamar kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari, mace kan ɗauke su ba wani abu ba.

Babban likita, Kelekian, ya kawo shawarar a gwada mata sabon magani mai ƙarfi har zagaye 8, ba ragi. Ya yi bayani da manyan kalmomin likita, ta sa hannu. Gashinta ya zube, amai ya galabaitar da ita. Mataimakinsa, Jason Posner, tsohon ɗalibinta ne. Kullum a tambaye ta yaya jiki, amma ba mai tsayawa ya ji amsa. Lalle marubuciyar ba ta mai da likitocin miyagu ba. Ƙwararru ne, sai dai cutar suke kallo, ba mai cutar ba, kamar yadda ita Vivian ta riƙa kallon waƙa ta manta da ɗalibi.

Wadda ta zauna da ita tsakar dare ita ce Susie Monahan, nas. Suka raba ƙanƙara mai zaƙi, Susie ta faɗa mata da magana mai sauƙi cewa maganin bai kashe ciwon ba, kuma ita ke da ikon zaɓa: in zuciyarta ta tsaya, a farfaɗo da ita da na'ura, ko a bar ta. Vivian ta zaɓi a bar ta, aka rubuta. Duk da haka, sa'ad da zuciyar ta tsaya, Jason ya kira masu farfaɗowa, sai da Susie ta tare su da wannan umurni.

A bangon littafin akan rubuta sunan W;t, da waƙafi mai ruwa maimakon harafin i. Asalinsa tsohuwar malamar Vivian ce, Farfesa Ashford, wadda ta koya mata cewa a wata waƙar Donne waƙafi kurum ya kamata ya raba rai da mutuwa. Ita ce kaɗai ta zo dubiya, ta karanta mata littafin yara.

Wasan ya ci kyautar Pulitzer a 1999, lokacin Edson tana koyar da 'yan rabin aji a Atlanta, ba ta kuwa bar koyarwa ba. A 2001 Mike Nichols ya mai da shi fim, Emma Thompson ta fito a Vivian. A 2012 Cynthia Nixon, wadda ita kanta ta yi fama da ciwon dajin nono, ta aske kanta ƙwal don ta yi wasan a Broadway. Makarantun horar da likitoci da dama a Amurka sun nuna shi ga ɗalibansu, ana gamawa a zauna a tattauna yadda ake gaya wa majiyyaci labari mai nauyi.